Ragowar Haɗari: Wa Zai Sa Hannu?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Wata 'yar uwa ce ta turo min saƙo bayan shirin da ya gabata. Ta ce, "Malam, ni fa akwai abin da ke ɗaure min kai. Sai ka ga kamfani yana tallar cewa an tantance tsaron kwamfutocinsa, har da takardar shaida a bango, amma bayan 'yan watanni ka ji an yi masa kutse. To wai tantancewar ce ta bogi, ko kuwa masu tantancewar ne ba su san aikinsu ba?"

'Yar uwa, na gode da wannan tambaya. A mafi yawan lokuta ba ko ɗaya daga cikin biyun. Takardar nan ba ta taɓa yin alkawarin cewa ba za a yi kutse ba. Abin da take nufi shi ne an duba, an ga abin da aka toshe, an ga abin da ya rage a buɗe, kuma wani mutum mai suna da muƙami ya ce ya ji ya gani, a ci gaba da aiki a haka. Wannan abin da ya rage ɗin shi nake kira ragowar haɗari, kuma a kansa za mu yi hirar yau.

Bari mu fara daga kasuwa, don a fi ganewa. A ce kana da shagon sayar da wayoyi. Ka sa ƙofar ƙarfe, ka sa kwaɗo biyu, kana cikin masu haɗa kuɗin maigadi, kuma kullum sai ka kashe wuta kafin ka tashi. Haɗari ya ragu? Sosai ma. Ya ƙare? Ina! Maigadi ɗan Adam ne, barci na iya sace shi. Gobara na iya tashi daga shagon maƙwabcinka wanda shi bai kashe tasa wutar ba. Yaron shagonka da ka ba wa mukulli na iya canja hali. Duk daren da ka rufe shagon nan ka tafi gida ka kwanta, ka amince da wannan ragowar ke nan, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Har lissafi ake yi masa. Waɗannan alƙaluman nawa ne na misali fa, kada wani ya je ya ce bincike ne. A ce kayan shagon na naira miliyan 10 ne, kuma idan babu wata kariya ana iya fasa shi a kwashe komai sau ɗaya a shekara 5. Idan ka raba, asarar da kake hange ita ce miliyan 2 a kowace shekara. Bayan ƙofar ƙarfe da maigadi, a ce abin ya koma sau ɗaya a shekara 20, wato naira dubu 500 a shekara. Wannan dubu 500 ɗin ita ce ragowar. Yanzu idan wani ya zo ya ce ka ɗauki maigadi na biyu naka na kanka a kan miliyan 1 a shekara, don ragowar ta sauka zuwa dubu 400, ai kai ma ka san ba za ka yi ba. Ba a kashe miliyan don a ceci dubu ɗari. Shi ya sa ba a kai haɗari sifili. Akwai inda ake kaiwa kuɗin kariya ya fi abin da ake karewa.

To amma a shago kayanka ne, idan an kwashe kai ka jiyo. Matsalar tana fara girma ne idan abin da ke cikin "shagon" bayanan miliyoyin mutane ne waɗanda ba su ma san ana yanke hukunci a kansu ba. A nan ne gwamnatin Amurka ta gina wani tsari da ya shafe shekaru yana yawo a duniyar tsaron kwamfuta, kuma can za mu je yanzu.

Tun a 1983 hukumar ma'aunai ta Amurka, wadda daga baya ta koma NIST, ta fitar da wata ƙa'ida mai lamba FIPS 102 a kan tantance tsaron kwamfuta da ba shi izinin aiki. Ma'aikatar tsaronsu ta fito da nata tsarin mai suna DITSCAP a 1997, ta maye gurbinsa da DIACAP a 2007, sannan a 2014 ta koma kan tsarin NIST kamar sauran hukumomi. A 2002 aka yi dokar FISMA wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya kula da tsaron bayanansu, a 2004 kuma NIST ta fitar da littafin jagora mai lamba SP 800-37. Sunayen sun yi ta canjawa, kada ku wahalar da kanku wajen haddace su sai dai in jarrabawa za ku rubuta. Ƙashin bayan abin dai bai canja ba.

Ƙashin bayan shi ne raba aiki gida biyu. Gida na farko tantancewa. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma ana so su zama ba su ne suka gina tsarin ba, don mutum ba ya yi wa kansa maki. Za su ɗauki jerin matakan kariyar da aka ce an sa, su bi su ɗaya bayan ɗaya: an sa shi? An sa shi daidai? Yana yin aikin da aka sa shi dominsa? Sai su rubuta rahoto. Gida na biyu shi ne ba da izini, kuma wannan ba aikin masanin kwamfuta ba ne. Aikin babban jami'i ne, wanda kasafin kuɗi ke hannunsa kuma aikin hukumar ke wuyansa. Ana kawo masa takardu uku: tsarin tsaron da aka shirya, rahoton masu tantancewa, da jadawalin gyare-gyaren da suka rage, mai ɗauke da wa zai gyara me da kuma yaushe. A littafin 2004 zaɓinsa uku ne. Ya ba da cikakken izinin aiki, wanda suke taƙaita sunansa da ATO, ko ya ba da na wucin gadi da sharuɗɗa, ko ya hana.

Da farko da na karanta wannan rabon abin bai kwanta min ba. Na ce ya za a yi wanda bai san kan na'ura ba ya zama shi ke da maganar ƙarshe? Daga baya na gane hikimar. Masanin tsaro, idan ka bar masa wuƙa da nama, ba zai taɓa barin a kunna komai ba, domin kullum yana ganin kafa. Shi kuwa mai son aiki ya tafi, idan ka bar shi shi kaɗai, zai kunna komai ko da ƙofa a buɗe take. Sai aka ce to, kai masani faɗi gaskiyar abin da ka gani, kai kuma shugaba auna ta da buƙatar aiki, ka sa sunanka. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yanzu ya ake nazarin ragowar kanta? Ana ɗaukar kowane rauni da masu tantancewa suka gano, a yi masa tambayoyi. Wa zai iya amfani da shi, ɗan kutse daga wata ƙasa ne ko sai ma'aikacin cikin gida? Abu ne mai sauƙi ko sai ƙwararre? Idan ya faru me za a rasa: sirrin bayanan ne zai fita, ko za a sauya su, ko kuwa tsarin ne zai tsaya cak? Akwai wata kariyar da ke rage masa kaifi? Misali, wata tsohuwar manhaja ce da ba a iya sabuntawa, amma kwamfutar da take kai ba ta haɗe da intanet kuma ɗakin a kulle yake. Raunin yana nan, amma ragowarsa ƙarama ce. Daga nan sai a ba shi matsayi, ƙarami, matsakaici ko babba. Kowanne kuma akwai abin da za a iya yi da shi: a ƙara kariya, a daina aikin da ke jawo shi gaba ɗaya, a raba nauyinsa da wani kamar kamfanin inshora, ko a karɓe shi a haka.

Abu biyu ne na ga suna yawan kuɓuce wa mutane a nan. Na farko, ƙananan raunuka suna haɗa kai. Tagar da ba ta rufuwa sosai ƙaramin abu ne. Tsanin da aka bari a tsakar gida ƙaramin abu ne. Amma taga da tsani tare, ai ɓarawo ya samu hanya. Jadawalin da ke jera raunuka 30 kowanne da koren launi yana iya ɓoye babbar hanya guda ɗaya, shi ya sa ni ban cika yarda da waɗannan jadawalai masu launi-launi ba idan babu bayani a ƙarƙashinsu. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, abin da ba a gwada ba shi ma haɗari ne. Rashin sani ba ya zama sifili a lissafi. Kuma akwai labarin da ya nuna wannan ƙarara.

A 2010 Amurka ta yi dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama. Aka tsayar da ranar 1 ga Oktoba 2013 a matsayin ranar buɗe shafin HealthCare.gov, inda mutanen jihohi fiye da 30 za su shiga su sayi inshora. Shafi ne da mutum zai zuba sunansa, adireshinsa, lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa da bayanin kuɗin da yake samu. Hukumar da ke da alhakin shafin ita ce CMS, shugabarta kuma a lokacin Marilyn Tavenner, wadda asalinta ma'aikaciyar jinya ce.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe, masu gini ba su gama gini ba. Su kuma masu tantance tsaro ba su samu cikakken tsari guda da za su gwada daga farko har ƙarshe ba, sai ɓangare-ɓangare, kuma ana gwadawa ana canja shi. Kamar a ce ka duba ƙarfin gida alhali magina suna kan ɗora bulo. Shugabar sashen tsaron bayanai ta hukumar, Teresa Fryer, ta shaida wa kwamitin Majalisar Wakilai daga baya cewa ita shawarar da ta bayar ita ce kada a ba da izinin.

A ranar 27 ga Satumba 2013, kwana 4 kafin buɗewa, aka kai wa Tavenner takarda. Takardar ba ta yi ɓoye-ɓoye ba. Ta bayyana cewa gwajin tsaron bai kammala ba, kuma sassan da ba a gwada ba sun jawo rashin tabbas da za a iya ɗauka a matsayin babban haɗari. Ku lura da wannan fa. Ba a ce an gano wata ƙatuwar ɓaraka ba. Cewa aka yi ba mu duba ko'ina ba, kuma wannan rashin dubawar shi kansa babban haɗari ne. Sai aka kawo shawarar a ba da izini na wata 6, da sharaɗin kafa tawagar tsaro ta musamman, da yin gwaje-gwaje a kai a kai, da kammala cikakken gwajin cikin kwana 60 zuwa 90 bayan buɗewa. Tavenner ta sa hannu.

Ku ɗan tsaya ku sa kanku a kujerarta. Idan ta ƙi, babban shirin shugaban ƙasa ya tsaya a ranar da duniya ta zuba ido, kuma mutanen da ke jiran inshora sun ci gaba da jira. Idan ta yarda, ta buɗe wa jama'a ƙofar zuba bayanansu a cikin abin da ba a gama dubawa ba, su kuma ba wanda ya tambaye su. Ni a ra'ayina, da shawarar Fryer aka bi da ya fi, domin masu ɗaukar asarar idan abu ya ɓaci ba su ne masu sa hannun ba. Amma duk da haka ina ganin tsarin ya yi aikinsa ta wata fuskar. Da 'yan majalisa suka zo bincike, ba a yi ta nuna wa juna yatsa a cikin duhu ba. Ga takarda, ga kwanan wata, ga abin da aka sani a ranar, ga sunan wadda ta ce a tafi a haka.

Me ya biyo baya? Shafin ya durƙushe a ranar farko, amma ba saboda kutse ba, saboda ya kasa ɗaukar jama'a da kuma kurakuran gini. Bayanan cikin gida da suka fito daga baya sun nuna mutum 6 kacal suka iya kammala rajista a ranar. An yi cikakken gwajin tsaron a watan Disamba, kuma a Janairun 2014 Fryer ta ce tsarin ya tsallake. A Yulin 2014 wani ya kutsa cikin wata kwamfutar gwaji ta shafin ya dasa muguwar manhaja, jami'ai suka ce ba a ɗebi bayanan kowa ba. To kun ga, ba a samu babbar masifar da ake tsoro ba a waɗancan watannin. Sai dai wannan ba ya nuna hukuncin daidai ne. Wanda ya tsallaka titi ido rufe ya kai lafiya, ba za mu ce ya iya tsallaka titi ba.

Labari na biyu kishiyar wannan ne, kuma ƙarshensa bai yi daɗi ba. OPM ita ce hukumar da ke kula da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka. A Nuwamban 2014 ofishin babban mai binciken hukumar ya fitar da rahoto cewa 11 daga cikin manyan tsarukanta 47 suna aiki ba tare da ingantaccen izini ba. Wa'adin ya ƙare, ba a sake tantancewa ba, ba wanda ya sake sa hannu. A lokacin ƙa'ida ita ce a sabunta izini aƙalla duk shekara 3. Ofishin ya ba da shawarar a duba yiwuwar kashe waɗannan tsarukan. Shugabar hukumar, Katherine Archuleta, ba ta kashe su ba, bisa hujjar cewa ayyuka masu muhimmanci sun dogara a kansu.

A Yunin 2015 aka sanar da cewa an sace bayanan ma'aikata miliyan 4.2. Bayan wata ɗaya aka ce akwai wanda ya fi shi: bayanan binciken tarihin mutum miliyan 21.5, daga baya aka tabbatar har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Waɗannan su ne takardun da mai neman aikin sirri ke cikewa, inda yake faɗin basussukansa, danginsa, abokansa na ƙasashen waje, har da ko ya taɓa shan ƙwaya. Kalmar sirri ana canja ta, amma zanen yatsa fa? Archuleta ta yi murabus a ranar 10 ga Yuli 2015.

Kada in yi muku ƙari a nan. Ba wai rashin sa hannu ne ya buɗe wa masu kutsen ƙofa ba. Bincike ya nuna sun riga sun shiga tun kafin rahoton Nuwamba ya fito, kuma sun yi amfani da bayanan shiga na wani ma'aikacin kamfanin kwangila, a wurin da ba a tilasta tantancewa mai mataki biyu ba. Takarda ba ta korar ɓarawo. Abin da rashin izinin ke nunawa shi ne an daɗe ba wanda ya zauna ya lissafa abin da ya rage a buɗe, balle ya ɗauki nauyinsa. A CMS an karɓi haɗari ido buɗe. A OPM ana ɗauke da shi ne ba tare da an auna nauyinsa ba.

Su ma Amurkawan sun gane cewa duba na shekara uku-uku kamar hoto ne, yana nuna yadda abu yake a ranar da aka ɗauka kawai. Gobe a sa sabuwar manhaja, jibi a gano sabon rauni, ragowar ta canja alhali takardar tana nan yadda take. Shi ya sa tun daga bugun 2010 na SP 800-37 suka karkata zuwa sa ido a kai a kai.

Mu dawo kan tambayar 'yar uwarmu. Takardar da kika fi gani a bangon kamfanoni da bankuna a nan gida ita ce ISO 27001. Ita ma a cikin sharuɗɗanta akwai cewa dole masu alhakin kowane haɗari su amince da shirin magance shi, su kuma karɓi ragowarsa. Wato ita kanta takardar ta san akwai saura. Babban Bankin Najeriya ma, a ƙa'idar tsaron intanet da ya fitar wa bankuna a 2018, a kan hukumar daraktoci ya ɗora babban nauyin, ba a kan yaran sashen kwamfuta ba. Kuma a duba iyakar abin da aka tantance, domin ana iya tantance sashe ɗaya na kamfani, tambarin kuma ya hau kan tallar kamfanin gaba ɗaya.

Ni kaina na taɓa shiga irin wannan, a ƙaramin mataki. Wani ɗan kasuwa ya kira ni in duba masa kwamfutocin ofishinsa. Na yi abin da zan iya, sai ya ce, "To yanzu ka tabbatar min ba mai iya shiga ko?" Na ce, "Alhaji, wannan kam ba zan iya faɗa ba." Na rubuta masa abu uku da suka rage a takarda ɗaya. Ma'aikata huɗu suna shiga manhajar lissafi da kalmar sirri ɗaya. Kwafin ajiyar bayanan yana cikin ofishin, a kan teburi ɗaya da kwamfutar, ko gobara ko ɓarawo duka biyun za su tafi tare. Sannan akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba ta karɓar sabuntawa, amma ita kaɗai ke iya tafiyar da na'urar buga rasit ɗinsu. A gaban kowanne na rubuta abin da zai iya faruwa da kuɗin gyara, na bar wurin sa hannu a ƙasa.

Ya kalli takardar ya kalle ni. Ya ce, "Wato so kake idan abu ya faru ka ce ni na ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko babu takardar nan kai ke ɗauke da su tun da. Bambancin kawai yau ka gan su." Ya yi shiru. A ranar bai sa hannu ba, ya ce in bar masa ita.

Bayan kwana biyu ya kira ni. Ya ce a raba wa kowa kalmar sirrinsa, a sayi wata ma'ajiyar a riƙa kai kwafi gida duk Juma'a. Tsohuwar kwamfutar kuwa ya ce ba shi da kuɗin canja ta da na'urar rasit a bana, a cire ta daga intanet a bar ta. A gaban wannan na ukun ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata da kansa, ya ce in tuna masa bayan Babbar Sallah.

Masu tambaya su ajiye a ƙasa kamar kullum, zan ɗauko wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.